Ƙanena Ya Jiƙa Randunan Inna

Hajiya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sakat, kuma nan inda nake duk wanda na fara ba labarin sai ya ce ai ƙasa ce kawai.

Ni mutumin Argungu ne, amma ina Legas, ina aiki a wani kamfanin tayil. Gidanmu gidan ginin tukwane ne. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mana, ni da ƙanena Mujtaba. Ita a fili take toya kayanta, da kara da buntun shinkafa. Ni na zo na gina matoya ta jan bulo a bayan gida, da ƙofarta da bututun hayaƙi, na yi rumfar aiki a gefe. Inna ba ta taɓa yarda da matoyar ba, cewa take gidan burodi na buɗe. Amma da matoyar nan munka fara tukwanen furanni da kaskon turare da mutanen Birnin Kebbi ke saye.

Ciwon ajali ya kama Inna tana cikin aiki. Ta bar manyan randuna uku, ta gina, ta goge, sun bushe, ba a toya ba. Shatin yatsunta na nan a bakin kowace. Na ɗora su kan katako a ƙuryar rumfa, na rufe da buhu. Da zan taho na zaunar da Mujtaba da matata Balaraba, na ce komai na rumfar nan su yi aiki da shi su ci, ban da randunan nan, ni zan toya su da hannuna. Nakan je gida da sallah, amma kwanakin ba su da yawa, kuma babbar randa in ba a bi ta a hankali ba tana iya fashewa a wuta, ban so in yi gaggawa.

Watan jiya muna waya ta bidiyo da Balaraba, tana cikin rumfa, na ce ta ɗaga buhun in gani. Sai kame-kame, wai caji, wai sabis. Da na matsa ta fashe da kuka. Ashe tun daminar bara babu su. Gulbi ya cika ya shanye fadamar da muke haƙo yumɓu, ga wani mai gida a unguwar Gwadangaji ta Birnin Kebbi ya ba da aikin tukwanen furanni, sai Mujtaba ya farfasa randunan, ya jiƙa, ya kwaɓa, ya yi wa mutumin aikinsa. Ɗanyar randa in ta sha ruwa ta koma laka, babu mai dawo da ita. Aikin ƙarshe na uwarmu yana ƙofar gidan wani, an shuka fulawa a ciki.

Abin da ya fi ci mini rai ba ma wanga ba ne. Da na je babbar sallah na iske buhunan tsaye yadda na bar su, har na dafa na yi wa Inna addu'a, Mujtaba na gefe yana cewa amin. Ashe randunan maƙwabta sunka aro sunka rufe. Wato unguwa duk ta sani, sai ni.

Ba zan yi mishi ƙarya ba, yaron ba malalaci ba ne, shi ya riƙe gidan tun da na taho. Balaraba ta ce ɗaya daga cikin randunan ta riga ta tsage har ƙasa, sauran kuma danshi ya fara cin gindinsu. Wataƙila haka ne. To me ya hana a kira ni?

Ban ɗaga wayarsa ba har yau. Na sa Balaraba ta sa wa rumfa da matoya kwaɗo, ba a sake hura wuta ba. Zuciyata na ce mini in bar su a rufe har in dawo, ni kuma ban san ranar dawowata ba. Na gaji, Hajiya. In raba shi da wurin ko yaya?

Ɗan Kabi a Legas

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Inna.

Ba ƙasa ce kawai ba, kuma an yi maka laifi. Ka ba da amana da bakinka, an taɓa ba a tambaye ka ba, sannan aka bar ka ka yi addu'a a kan randunan aro. Wannan na ƙarshen ba shi da uzuri, kuma Mujtaba da Balaraba duk suna da alhakin ba ka haƙuri.

Amma ka fi ni sanin sana'arka. Ɗanyar randa ba abin ajiya ba ce, jiran wuta take. Ka bar wa mutanen gida abin da kowace damina ke ci, ka hana su toyawa, kai ma ka kasa. Ina jin tsoron ganin ta fashe a hannunka ne ya riƙe ka, ba ƙarancin kwanaki ba. Shi ma Mujtaba uwarsa ce. Kada ka ɗauka da daɗin rai ya sa hannu ya fasa su, ga gida a wuyansa, ga fadama a ƙarƙashin ruwa.

Kwaɗon nan ba shi kaɗai ya hukunta ba. Abincin gidanka ka rufe, kuma ka mai da matarka mai gadi tsakaninka da ɗan'uwanka. Ka fitar da ita daga tsakiya. Har yanzu duk abin da ka sani daga bakinta ka ji. Ka kira shi da kanka, ka faɗa masa yadda ka faɗa mini, musamman maganar buhunan, ka yi shiru ka saurare shi. In ya amsa laifinsa ka karɓa. In ya tsaya kare kansa, ka sa wani babba a dangi ya zaunar da shi.

Sannan ku yi sabuwar ƙa'ida: duk abin da ya taso a rumfar nan, mai daɗi ko marar daɗi, a faɗa maka a ranar. Kai kuma ka zama mutumin da za a iya faɗa wa, don wanda ake tsoron fushinsa shi ake ɓoye wa magana.

Macen da ta yi shekaru tana gini ba ta rasa randunanta a gidajen Argungu, toyayyu, ana shan ruwa a ciki. Ka ɗora wa Mujtaba aikin nemo ɗaya, ya gina wa masu ita sabuwa a madadi, ya kawo ta gida. Ba zai iya ba sai ka buɗe masa matoya. Ka buɗe, kada fushin ya kai wata daminar.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya mai da kai gida lafiya.