Tsanin Ba Na Pohlmann Ba Ne

Litinin, 6 ga Nuwamba

Kwafin rahoton hukumar inshorar haɗari ya iso yau, domin in sa hannu a matsayin shaida. Wata ma'aikaciyarsu, Frau Dettmer, ce ta rubuta shi, kuma a shafi biyu kacal na sami kurakurai uku. Ta ce Pohlmann, mai kula mini da lambu, ya faɗo daga tsani da ƙarfe tara na safiyar goma ga Oktoba. Ba haka ba ne. Tara saura minti ashirin ne, domin na duba agogo kafin in kira motar asibiti. Ta ce tsawon shingen tsirran da yake aski mita biyu ne. Shingena bai taɓa wuce mita ɗaya da santimita tamanin ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina sufeto a irin wannan hukuma, kuma da wani ya kawo mini aiki haka a lokacin, da jan biro zan mayar masa.

Na uku shi ne wannan: "Wanda ya ji raunin mai zaman kansa ne, ya zo da tsaninsa da kayan aikinsa." A kan wannan jimla aka ɗora hukuncin, wato ba ma'aikacin kowa ba ne, saboda haka babu diyya.

Na gyara na ɗaya da na biyu a gefen takarda. Na uku na bar shi tukuna.

Talata, 7 ga Nuwamba

Ranar aikin Pohlmann. Na dafa kofin mutum biyu kafin in tuna. Shingen yana nan yadda ya bar shi, rabi a aske, rabi buzu-buzu, igiyar awo na lilo a jiki.

Laraba, 8 ga Nuwamba

'Yata Wiebke ta bugo daga Hannover. Na karanta mata rahoton, har da jimla ta uku. Ta tambaye ni ko ni ne na faɗi haka. Na ce a'a. "To Baba, sa hannu mana. Wa ya aike ka gyaran abin da ba kai ka ɓata ba?" Ta tunatar da ni, kamar ban sani ba, cewa in aka ce ma'aikacina ne wanda ban yi wa rajista ba, akwai tara, kuma suna iya ɗora mini ɗawainiyar asibitin. Ta ce a garinmu na Celle magana ba ta kwana, kowa zai ji cewa tsohon sufeto Rademacher ya ajiye ma'aikaci a ɓoye.

Na bayyana mata cewa babu wani ɓoye. Bayan rasuwar mahaifiyarta ni da kaina na ba Pohlmann shawarar ya yanki takardar sana'a ta mai zaman kansa, kuma a lokacin lambuna takwas yake yi wa aiki. Komai a kan ƙa'ida yake. Ta ce, "To ka gani." Ba ta tambayi lambuna nawa ne yanzu ba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Zaman tsofaffin ofis a teburinmu na kullum. Lothar, wanda muka zauna ofis ɗaya da shi shekara ashirin, ya sha giyarsa ta biyu ya shiga ba sababbin masu ritaya labarin "tambayoyi biyar na Rademacher". Har muryata ya kwaikwaya, yana lissafi da yatsu: wa ke sa lokaci, kayan aikin na waye, wa ke faɗin yadda za a yi, zai iya turo wani a madadinsa, wa kuma yake yi wa aiki. Ya ba su labarin mai gidan burodin nan da ya kira direbobinsa 'yan kwangila, yadda na titsiye shi da waɗannan tambayoyi har ya yi kuka a kan buhun fulawa. Aka yi ta dariya.

Ba a kan buhun fulawa ba ne, a kan kujerar ofishinsa ne. Ban gyara masa ba. Lothar ya dube ni ya ce, "Eckhard, lafiya? Na yi ƙarya a gabanka ka bar ni da rai?"

Jumma'a, 10 ga Nuwamba

Na shiga rumbun kayan lambu domin ɗaukar tsintsiya. Tsanin yana rataye a ƙugiyarsa. Matakai tara, da haruffan sunana da na ƙona a ƙafarsa ta dama.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na je duba Pohlmann da ƙarfe uku, da kek ɗin tuffa. A hawa na uku suke zaune, babu na'urar hawa bene. Na ƙirga matakala hamsin da huɗu, kuma ban san yadda mutumin da aka sa wa ƙarfe a ƙugu zai sauko daga can ba. Matarsa Gudrun ta buɗe mini. Daga kan kujera ya ɗaga murya: "Gudrun, ɓoye ƙura, Maigida ya iso." Shekara goma sha huɗu ina ce masa ni ba maigidansa ba ne, abokin ciniki ne. Amsarsa kullum ɗaya ce: "To, Maigida."

Ya rame. Ya tambayi shingen, ya ce kada in kuskura in taɓa shi da kaina, wai zan aske shi da ma'auni har sai ya ƙare. Na ce masa akwai kuskure a rahoton game da tsani, kuma wannan Frau Dettmer ba ta iya aikinta ba. Ya dubi matarsa, ya dubi kek.

"Ku bar yarinyar mutane. Ni na faɗa mata tsanin nawa ne."

Na tambaye shi dalili. Ya ɗan yi dariya, ya ce ya san ni, ranar da aka rubuta a takardar hukuma cewa na karya doka, zuciyata za ta tsaya, shi kuwa ba ya da ƙafar zuwa jana'iza. Sai ya koma maganar ƙwallo.

Gudrun ta rako ni bakin matakala. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce likita ya ce shi da tsani har abada, kuma shekararsa hamsin da tara. Asibitin gashin ƙashi da suka sa rai, da ɗan fanshon rauni, duk na ma'aikata ne, ba na masu zaman kansu ba. Ta ce tun shekara biyar da suka wuce lambuna biyu suka rage masa, nawa da na wata tsohuwa da yake zuwa wa sau ɗaya a wata, domin na riƙe masa Talata da Jumma'a, har da Asabar in ganye ya zuba. "Herr Rademacher, ni ban yi karatu ba. Ku kuka san sunan wannan." Ta gode mini da kek.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Ban fita ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Na sauko da fayilolin lambu, ba don komai ba sai domin a tabbatar. Kowace Talata da Jumma'a nakan maƙala masa takardar umarni a ƙofar rumbu, in ajiye kwafi. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin komai ba face tsari. Na karanta su yau kamar na wani ne. "A fara ƙarfe takwas, ba takwas da kwata ba." "A yi amfani da almakashina, naka yana tauna ganye." "Daga hagu zuwa dama, a bi igiya." Ta ranar goma ga Oktoba ta ce: "A hau tsani, kada a yi miƙa daga ƙasa, saman yana fitowa a karkace." Ruwa aka kwana ana yi, duwatsun hanyar a jiƙe suke. Na san haka, domin na rubuta yanayin gari a saman takardar.

A kundin 2019 na sami ranar da gwiwarsa ta kumbura ya turo surukinsa, na mayar da shi daga bakin ƙofa. Har abin da na faɗa na rubuta, da alfahari kuwa: "Ban ɗauki surukinsa ba, shi na ɗauka."

Tambayoyi biyar, amsa biyar. Mai gidan burodi a ta huɗu ya faɗi.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na faɗa wa Wiebke. Ta ce taurin kai ne, na ce daidaito ne. Kafin ta ajiye ta ce, "Da Mama na nan, da tun ranar farko ta tura ka gidan waya." Wannan ban musa ba.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Na kammala wasiƙar Frau Dettmer, shafi uku. Ban sa hannu a rahotonta ba. Na bayyana cewa tsarin ya fara daidai, ya lalace a hankali, kuma wanda ya fi kowa sanin lokacin da ya lalace shi ne ni. Na roƙi a sake duba hukuncin, a lissafa Henning Pohlmann a matsayin ma'aikacina. Duk abin da ya biyo baya a aiko shi ga wannan adireshi.

Saura batun abin da ya faɗa mata, kada a kama shi da ba hukuma bayanin ƙarya. Na rubuta cewa an yi masa tambayar kwana biyu bayan tiyata, yana cikin magagin magani. Kwana biyun gaskiya ne. Magagin ban gani da idona ba. Na daɗe ina duban jimlar da jan biro a hannu, sannan na mayar da murfinsa.

Abin da na haɗa a cikin ambulan:

1. Hoton tsani, da haruffan sunana a bayyane.
2. Rasidin sayensa, na watan Afrilun 2006.
3. Kwafin takardun umarni na shekara biyar ɗin ƙarshe, a jere bisa kwanan wata. Ta goma ga Oktoba tana sama.
4. Shafin kundin 2019, game da suruki.
5. Takardar rajistar ma'aikacin gida, a cike, a makare.
6. Rahotonta, da gyara uku. A gefen na uku na rubuta cewa kuskuren ba nata ba ne.