Waƙar Matar Nan Mai Farar Riga

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Mu nan Lugbe lafiya lau, sai cunkoson hanyar filin jirgi. Na rubuto miki a nan shafinki na intanet inda kowa ke gani ne don na lura nan kike leƙawa, kirana kuwa ba kya ɗauka. Kin san da girmana na koyi rubutu, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Na tambaye ki ko kina cin abinci, kin turo mini waƙa. Na tambaye ki ya sanyin ƙasar da kike karatu, kin ƙara turo wata. Wai gasar waƙa ce ta ƙasashen Turawa, kowace ƙasa da mawaƙinta, waɗannan kuma su kika fi so. To na ji. Ni me zan yi da wani ƙato mai rigar ƙyalli yana tsalle cikin hayaƙi?

Bara ban damu ba, don duk na rawa kika turo. Har na kunna ɗaya a rumfata a kasuwar kifi ta Kado ina gyaran tarwaɗa, Maman Blessing maƙwabciyata ta ajiye wuƙa ta taka, masu saye suna ta dariya. Ta ce, "Hajiya, wannan yarinya naka yana jin daɗi a can." Na kuwa yarda.

Bana fa? Wadda kika ce ta fi kowace, wata mata ce da farar riga, ita kaɗai a tsaye, tana waƙa kamar an yi mata rasuwa. Ƙarshe ma durƙushewa ta yi. Ban san yarenta ba, amma na san muryar macen da ta gaji. Ta biyun ma haka take. Maman Blessing ta saurara, ba ta taka ba. Miƙo mini wayar ta yi ta ce in neme ki.

Auta, mu a zamaninmu ba a aika wa mutum waƙa a banza. In aka gaishe ka a rediyo aka zaɓa maka waƙa, to abin da bakin mai gaisuwar ya kasa faɗa ne a ciki. Yayarki ta ce ku yanzu ba haka kuke ba, daɗin kiɗa ne kawai, in daina jawo wa kaina hawan jini. Wataƙila gaskiyarta. Amma ba ita ta haife ki ba. Ke ce fa kika taka ƙusa kina firamare, kika ɓoye ƙafar cikin safa har ta kumbura, wai kada ki tayar mini da hankali.

Babanki ba ya leƙa nan, bai san ina wannan zullumin ba, kuma ba zan iya ɓoye masa har wani mako ba.

Ki kira ni ta bidiyo, da rana, inda haske yake, in ga idonki. In karatun ne ya yi nauyi, ki faɗa. In wani ne ya ɓata miki, ki faɗa. In gida kike so, ɗakinki na nan, duk wanda ya ce kin kasa ya zo ya same ni. In kuma ba komai, ki yi mini dariya son ranki, na ɗauka.

Allah ya tsare mini ke, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya yaye miki abin da na sani da wanda kika ɓoye.

Ni ce,
Mamanki