A Kai Fakhrul Asibiti Ranar da Aka Ɗaure Jirage

Wa ya ce muku sai mai furfura ke barin wasiyya? Ku da za ku ji ana karanta takardar nan kuna zunguren juna, kuna cewa me ɗan hoda zai bari in ban da abin kunya, ku gyara zama.

Ni ne Zulhilmi ɗan Mat Daud, masunci, shekarata talatin da biyu. Hankalina garau yake. Shekara huɗu rabona da allurar hoda. Likita ya gaya min ba kwana-kwana cewa hantata ta gama aiki, kuma sirinji ɗaya da muke karɓa-karɓa mu shida a cikin jirgi ne ya jawo. Yarana, Wardina da Luqman, dominku na rubuta. Ke Wardina kin iya karatu, ki karanta wa ƙaninki idan ya yi wayo.

1. Akwatin littattafaina na ba ku tun ina raye, mahaifiyarku Rosnani ce shaida. A aji uku na bar makaranta. A jikin tsofaffin jaridun da ake naɗe busasshen kifi na koyi haɗa baƙi, har na kai ga takardun cikin kwalin magani. Duk wanda ya ce muku abu kaza magani ne ko haram ne, ku ce ya nuna muku inda aka rubuta.

2. Gida da injin ƙaramin jirgi a raba yadda shari'a ta ce. Ba ni da ta cewa a nan.

3. Babur ɗina na ƙanena Fakhrul ne, wanda kuke kira Pak Su. Kada wani ya tashi yana min fatawa: tunda ina da ɗa namiji, Fakhrul ba magajina ba ne, kuma babur bai kai sulusi ba. Na duba. Amma akwai sharaɗi, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Pak Su ɗinku yana hoda. Kowa ya sani, kowa ya yi gum. Kakarku Tok da Haji Deraman, shugaban kwamitin masallaci, sun shirya kai shi gidan marin nan na cikin gonakin roba. Ni sau biyu aka kai ni. Sarƙa a ƙafa, ruwan sanyi a ka, da wani jiƙo mai sa amai har ka ga kamar hanjinka zai fito. Kwana arba'in. Ka fito kamar sanda, jama'a na shafa bayanka: "Alhamdu lillahi, ya warke." Tare muka fito da abokina Sabri karo na biyu. Kwana tara ya yi, ya koma ya yi allura daidai yadda ya saba a da, jikinsa kuwa ya riga ya manta. A kan katakon mashigin jirage aka tsince shi da rana tsaka. Aka ce kwana ne ya ƙare. To, kwana ya ƙare, amma ba wanda ya gaya masa cewa jikinsa ba zai ɗauki ta da ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne asibitin gwamnati. Akwai wani maganin ruwa, metadon, da ake sha kullum da safe a gaban nas. Ba ya kai ka sama, yana hana ƙasusuwanka ihu ne kawai. Akwai kuma mai ba da shawara, da zaman da ake yi da irinmu ranar Laraba. Nan na fara jin wani ya tambaye ni me ke damuna ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ga kuskuren da mu masunta muke yi. Sabon shiga sai ya je kullum, wata da watanni, kafin a yarda a ba shi na 'yan kwanaki ya tafi da shi. Mu kuwa jirgi kwana goma yake a teku. Sau biyu ina farawa lokacin kamu, in sha kwana biyar, mai jirgi ya kira, in tafi. Kwana na uku a ruwa jiki ya tashi, ga zufa ga gudawa, ga mai sirinji kusa da kai. Uwarku ce ta gano. Ta ce, "Abang," haka take kirana, "duk karatun nan naka na banza ne? Wata uku teku a rufe, kana zaune kana cinye min shinkafa. Ba sai ka fara lokacin ba?" Ranar da iskar damina ta sa aka ɗaure jirage na fara. Kafin teku ta buɗe sun yarda da ni. Ban sake hawa babban jirgi ba, na koma kamun kusa da gaɓa.

Saura mako uku a ɗaure jirage. Ranar, Rosnani, ki sa Fakhrul a gaba. Idan ya je kullum har teku ta buɗe, babur nasa ne. Zai yi miki ƙarya, zai rantse. Ki kai shi duk da haka. Idan ya faɗi, a sake kai shi.

4. Tok, ki daina gaba da Rosnani. Ba ita ta raba ni da ke ba. Kin kai ni gidan mari don kina sona, na sani, na yafe. Amma kada ki kai ɗa na biyu.

5. Yarana, za a kira ku 'ya'yan ɗan hoda. Gaskiya ne, kada ku yi dambe a kai. Idan ɗayanku ya taɓa faɗawa, ɗayan ya kai shi asibiti tun ranar, kada ya tsaya jiran abin da maƙwabta za su ce. Na sace sarƙar uwarku, na taɓa barinki a kasuwa ke kaɗai, Wardina. Ku yafe min. Allah Ya raya ku, Ya tsare jininku, Ya bar ku a inuwa ɗaya da uwarku da kakarku da Pak Su.

6. Saura kai, Haji Deraman. Tafiyar awa guda ce daga nan zuwa asibiti, shi ya sa da yawa suke yankewa. Bara nas ta ce za ta riƙa zuwa da metadon kullum da safe idan aka ba ta ɗakin ajiyar tabarmi na gefen masallaci. Ka rufe ƙofa da 'yan kwamitinka, ka ce, "Giya ce a kofin asibiti." Da na tare ka, ka ce, "Kai yaro, je ka gyara kanka tukuna." Tun daga ranar mun binne uku, kai ka ja musu salla. Ina so Juma'ar nan, bayan an sallame, ka karɓi lasifika ka gaya wa iyayensu a wane littafi ka gani, a wane shafi. Idan babu, ka ce babu, ka miƙa makullin. Zan sa a kawo ni sahun gaba, ina jira.