Rigar da ban sa wa hannu ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya kai haske kabarinki, 'yarki Rakiya ce daga Mamobi. Cikina wata takwas ke nan, kuma Inna, wallahi tsoro nake ji.

Kin tuna masu maganin nan da ke shiga mota a tashar Tudu kafin ta cika, suna zuba wa'azin ƙwayoyinsu? Kin sha hana ni. "Abin da ba shi da suna ba ya shiga cikin mutum," haka kike cewa. To, na saya a hannun ɗayansu. Tashin zuciya ya dame ni, na ɗauka dokunun da na ci ne, tuwon masarar nan mai tsami. Jar ƙwaya a ƙunshin jarida, kwana goma ina sha. Ashe ciki ne, wata guda da 'yan kwanaki.

Da na je awo na gaya wa nas. Ta nuna min hoto a bango, ɗan tayi kamar ƙwayar wake, da 'yan tsiro huɗu a jikinsa. Ta ce a ƙarshen watan farko hannu ke fara tsirowa, ƙafa ta biyo, tafin a manne kamar na agwagwa, kafin wata biyu yatsu sun rabu. A tsaye na lissafa. Daidai kwanakin nan nake haɗiyar ƙwayar. Ba ta ce wani abu ya faru ba. Ta ce ita dai ba ta san ƙwayar ba.

Sau uku ina komawa Tudu neman mutumin, ko ƙeyarsa ban gani ba.

Kekenki na ɗinki yana wurina. Ke kika koya min a ba hannun rigar jariri ɗan tsawo, don yaro saurin girma gare shi. Na ɗinka riguna uku, babu wadda na sa wa hannu. Duk lokacin da na ɗauki almakashi zan yanka hannun, sai in ajiye shi. Maigidana ya tambaya, na ce masa yayi ne.

Jiya ina kan keke yaron ya shure ni a ƙasan haƙarƙari har na saki yadin. Na dafa wurin ina lalube, ko zan gane dunduniya ce ko gwiwar hannu. Ban gane ba. Da kina nan, taɓawa ɗaya za ki yi ki gaya min.

Yau dai na daure na yanka hannu biyu, da tsawo yadda kika koya min. Na ninke su na sa a aljihun keke. Ban haɗa ba tukuna.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya sa Aljanna ce makoma. Ni kuma Ya sauke ni lafiya, Ya ba ni abin da zan zura a hannun rigar nan.

'Yarki,
Rakiya