Wandon Ndanusa

Litinin, 7 ga Satumba, 1987
Ndanusa dillalin doya ya zo shago in ɗinka masa safari, na bikin ƙaninsa. Ƙugu inci 48. Bara 45 ne. Na ce tef ɗina ya kusa kasawa, ya shafa tumbi ya ce, "Zaman lafiya ne, tela." Zan bar masa inci biyu a cikin ɗinki saboda gaba, yadda nake yi wa kowa. Mun ci sakwara, malmala uku-uku.

Alhamis, 10 ga Satumba
Sista Margaret, nas ɗin maƙwabtanmu, ta ɗaura min abin awonta a dantse. 170 bisa 100. Wai in jiki ya yi nauyi sai zuciya ta yi ta fama kafin jini ya zagaya, shi ne yake hawa. In rage gishiri da tuwo, in riƙa takawa a ƙasa. Ni da Vespa? Na ce na gode. Matata Altine kuwa ta ce kar in soma ramewa a ce ba ta iya girki ba.

Asabar, 19 ga Satumba
Ciwon kai a ƙeya. Zafin gari ne.

Laraba, 23 ga Satumba
Ndanusa ya yanke jiki ya faɗi a tashar Kuta. Hawan jini, in ji likita. An rufe shi bayan la'asar. Kayansa na rataye, maɓalli kawai ya rage.

Lahadi, 4 ga Oktoba
Na kai wa matarsa kayan. Ta ce, "Riƙe su, Malam, babu wanda za su yi wa a gidan nan."
Da na dawo na zura wandon, don in duba ɗinkin kawai. Cif-cif. Shekara ashirin ina auna mutane, ban taɓa zagaya tef a ƙuguna ba. Na tsorata, gaskiya.

Talata, 20 ga Oktoba
Na ce wa Altine Vespa ta lalace, a ƙasa nake zuwa kasuwa. Alhali lafiyar Vespa ƙalau. Malmala ɗaya yau, an yi min fushi.

Juma'a, 11 ga Disamba
150 bisa 90. Sista ta ce da sauran aiki, kar in fasa shan magani.
Wandon Ndanusa ya soma zamewa, ina jin yadin ne ya saki. Na rage masa inci biyu. Ragowar ban bar ta a ciki ba, na sa almakashi.