Iccen Gonar Kakanka

Angona Sani,

Ƙulin ƙulifita: wane ne ke tuɓe riga da damina, ya maida ta da rani? Yi ta tunani, na san kanka bai cika sauri ba.

Ina gaisuwa. Yaya jikinka, yaya aiki a Agadas, yaya matar da ta ƙwace mini kai da yaranta? Mu nan Gangara sai godiya.

Iccen nan da marigayi kakanka ya bari a gona shekarar haihuwarka, ana yi masa dariya wai ya kasa sassabe, kawunka Idi ya sare shi wata Talata a watan jiya. Rumbu ya ƙare, masu sayen icce suka zo da amalanke. Na ce, "Idi, geron gindinsa fa ya fi na ko'ina." Ya ce, "Inna, me yara za su ci kafin kaka?"

Kututturen ya fid da toho guda. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ni ba zan zauna inuwarsa ba, amma in babu ni, kar ka bari a sassabe shi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gidanka.

Kakarka Hajo.

Amsar kuwa, gawo ne.