Yakuwar Inna da Injin Maigida

Assalamu alaikum Anti Rafi'atu,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin azumi ya kama, domin gidana ya yi mini zafi kuma na rasa ta inda zan ɓullo wa lamarin. Na sha karanta amsoshin da kike bai wa mutane, ban taɓa zaton ni ma zan rubuto ba, balle a kan ciyawa. In dariya ta zo miki ki yi, ni ma da wata ce ta ba ni labarin da na dara.

Mu mutanen Damagaram ne. Mun daɗe a Bronx, a Concourse Village, can saman bene, mu da yara a matse. Bara Allah ya hore mana ɗan gida mai ɗan fili gaba da baya a nan Stapleton, kan tsibirin da muke hawa jirgin ruwa daga shi zuwa Manhattan. Maigidana, Baban Mariya, ya yi shekaru yana tallan huluna da tabarau a bakin titi a Manhattan, da sanyi da zafi, kafin ya samu shago. Ranar da aka ba mu makulli bai ko duba ɗakuna ba, bayan gida ya wuce, ya cire takalmi ya tsaya a kan ciyawa yana murmushi shi kaɗai. Wallahi har ƙwalla na yi masa.

To amma Anti, tun da sanyin bana ya ja baya, itatuwa suka yi toho, mutumin nan ya zama wani daban. Ya sayo injin yankan ciyawa. Ya sayo wani na gyara gefe-gefe. Ya sayo na hura ganye, mai ƙara kamar babur. Ya kafa famfo mai juyawa na bai wa ciyawa ruwa, wanda daga shago yake kunna shi da waya, har ranar nan ya jiƙa mini shanya tas. Sannan ya sa kyamara a ƙofa da bayan gida. Ya haɗa ta da wayata ni ma, wai in riƙa ganin masu kawo saƙo, kuma na tabbata ya manta ya yi hakan. Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne, ciyawarsa kamar darduma, kuma na lura da ita Baban Mariya yake auna tasa. Ba wata hulɗa tsakaninsu, ɗaga hannu ne kawai daga nesa, amma in tsohon ya yanka tasa yau, gobe da safe sai kin ji injinmu.

Ga kuma Innata. Bayan rasuwar Baba muka ɗauko ta, ta iso mana ana gab da shiga sanyi. Duk tsawon lokacin ƙanƙara a bakin taga ta ƙare shi, da carbi a hannu. Ba ta jin Turanci, jikokin nata kuma suna jin Hausa amma da Turanci suke mayar mata. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a Manhattan, in na fita da safe sai yamma. Ina can ina shafa wa uwar wasu mai a ƙafa, tawa tana nan tana kallon titin da ba ya da ko mai wucewa. Da a Bronx ne, ko a matakala za ta samu wadda za su gaisa.

Wata baiwar Allah a masallaci ce ta ba ta irin yakuwa da rama da kuɓewa. Sai ga Inna ta farfaɗo. Ta tara gwangwanayen tumatir, ta huda su, ta shuka ta jera a taga, kullum tana juya su wajen rana. Har waƙa na ji tana yi ƙasa-ƙasa. Da aka shiga watan Mayu ta ce in tambayar mata maigida ko za ta dasa su a gefen shingen baya. Kin san tsakanin suruki da suruka, ba sa haɗa ido balle doguwar magana, komai ta bakina yake bi. Na ce mata ba komai Inna, ki dasa, da niyyar in gaya masa in ya dawo. Ya dawo a gajiye, na ce sai gobe. Goben ta zo, na sake cewa gobe. Ita kuwa ta ɗauki tsohuwar wuƙar girki ta tone ciyawar, daidai jikin shingen da ya raba mu da Baturen, ta dasa kayanta layi-layi. Da ya gani bai ce uffan ba, fuskarsa ce kawai ta canza. Ni kuma na ga tunda bai yi magana ba, a bar kaza cikin gashinta.

Ranar Asabar ina wurin aiki ya yi yanka. Na dawo na tarar da Inna zaune a dokin ƙofar baya, ta tattara guntayen ganyen a faranti ta ajiye a cinya. Ba abin da ya rage a wurin sai ƙasa da kututture. Baban Mariya ya ce mini wallahi bai lura ba, ciyawa ce ta taso ta rufe su, in ba ta haƙuri. Na yarda, na ba ta. Ta ce ba komai, gidansa ne.

Ranar Litinin ina cikin jirgin ruwan da ke kai ni aiki daga tashar St. George, shaiɗan ya sa na buɗe kyamarar nan na koma kan ranar Asabar. Anti, da ban buɗe ba. Na gan shi ya turo injin har bakin shukar, ya kashe. Ya tsuguna. Ya shafa ganyen, har ya tsinki na yakuwa ɗaya ya sa a baki yana taunawa. Sai ga tsohon Baturen ya zo jikin shinge, yana nuna wurin da hannu yana magana. Ban ji abin da ya ce ba, iska ta cika sautin, kuma bai daɗe ba ya juya. Maigidana ya miƙe. Daga nan ya tayar da injin ya bi ta kansu, ya juyo ya sake bi.

Ke nan ya sani. Ya kuma kalle ni ya rantse.

Tun ranar ban samu natsuwa ba. Na kalli abin nan har na haddace shi. Jiya da jirgi ya kai Manhattan na sauka tare da mutane, na kasa fita daga tashar, na sake hawa na koma, na sake dawowa, har na makara wurin aiki. A gida in na zauna sai in miƙe, in na shiga kicin sai in manta abin da ya kai ni. Ƙarar injin kowa a unguwar nan yanzu har cikin haƙorana nake jin ta. Inna ta wanke gwangwanayenta ta kife, abinci sai ta taɓa ta ce ta ƙoshi. Ta ce in kai ta wurin Safiatou, 'yar ƙanwarta da ke Bronx, in kuma hakan zai yi wuya a nema mata hanyar komawa gida. Shi kuma, maimakon ya buɗe baki, sai ya sayo mata wata fitila, wai ana shuka da ita a cikin ɗaki. Tana nan cikin kwalinta a bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa.

Ba mugun mutum ba ne, Anti. Shi ya fara cewa a ɗauko Inna, shi yake kai ta asibiti. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Kuma in gaya miki gaskiya, da Inna ta ambaci Bronx sai da na ji kamar in ce mu tafi tare. Gidan da muka daɗe muna roƙon Allah ya ba mu, ga shi shirunsa yana neman haukata ni.

In nuna masa abin da na gani? In gaya wa Inna da gangan ya yi? Ko in haɗiye in bar ta ta tafi, mutane su ce na kasa riƙe uwata? Ba na so mu shiga azumi kowa da ƙulli a zuci.

Taki,
Mai Zaman Ɗar-ɗar, Stapleton

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa,

Ban yi dariya ba, domin maganarki ba ta ciyawa ba ce. Mutum uku ne a gida ɗaya, kowa yana jin kunyar buɗe baki, har inji ya yi magana a madadinsu.

Abu na farko, ki daina kallon hoton nan. Kin riga kin ga abin da ke ciki, maimaitawa ba za ta ƙara miki komai ba sai ciwon kai. Kada kuma ki nuna wa Inna, kada ki gaya mata. Ke za ki iya yin faɗa da mijinki yau ku shirya gobe, ita kuwa in ta ji, ta riƙe ke nan, kuma ba ta da bakin da za ta amayar.

Mijinki ya yi laifi biyu. Ya ɓata abin da tsohuwa ta raina da hannunta, ya kuma rufe da rantsuwa. Ba zan wanke shi ba. Amma ki sake tuna abin da kika gani da idon adalci. Wanda ya zo da niyyar ɓarna ba ya tsugunawa ya ɗanɗani ganye. Mutumin da ya yi shekaru a bakin titi ana ce masa matsa daga nan, ko ya mallaki gida, in maƙwabci ya nuna yatsa gabansa sai ya faɗi. Ba ki san abin da tsohon ya ce ba. Wataƙila ƙorafi ya yi, wataƙila tambaya kawai ya yi shi kuma ya ji ta a matsayin gargaɗi. Tsoro ne ya tuƙa injin nan, kunya kuma ta sa shi rantsuwa.

Ke ma da naki kason. An ba ki saƙo kin riƙe. Shi ya wayi gari ya ga an tone masa fili ba sallama, ita kuma tana ganin da izininsa ta yi, ya ba ta da hannun dama ya karɓe da na hagu. Wannan gyaran a bakinki yake. Ki gaya wa Inna cewa saƙonta bai taɓa isa gare shi ba. Gaskiya ce, kuma za ta rage mata rabin zafin.

Sannan ki samu maigida ku kaɗai, ba gaban yara ba, ba kuma yana shigowa a gajiye ba. Ki fara da naki laifin. Daga nan ki tuna masa kyamarar tana wayarki, kin kuma gani. Kada ki miƙa masa wayar kamar mai gabatar da shaida a kotu, faɗa kawai ya isa. Ki tambaye shi me maƙwabcin ya ce, ki yi shiru ki saurara. In ya sunkuyar da kai, kada ki bi shi da ƙari. Maganar rantsuwar kuma ki tuna masa sau ɗaya ya nemi gafarar Ubangijinsa, ki bar shi da ita.

Haƙurin da aka aiko ta bakinki bai isa ba, fitila a kwali ma ba ta isa ba. Surukuta ba ta hana mutum ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce Inna a yafe mini. Ya yi da kansa, ko da kansa a ƙasa.

Ga kuma abin yi da hannu. Lokaci bai ƙure ba, kuɓewa da yakuwa zafi suke so, kuma yanzu ƙasa ta fara ɗumi. Ku koma wurin wadda ta ba da irin. Amma wannan karon kada a shuka a ƙasar filin kai tsaye, domin ƙasar da ke kewaye da tsofaffin gidaje a garin nan takan ɗauki dalma daga tsohon fenti, ba a so a ci ganyen da ya fito daga cikinta. A haɗa akwatunan katako masu tsayi, a zuba sabuwar ƙasa da taki. Tunda mijinki mai son kayan aiki ne, shi za ki ɗora wa haɗawa, shi zai zaɓi wurin tare da ita, ya ja mata ruwa har can. Ita ta huta da sunkuyo, shi ciyawarsa ta tsira, maƙwabci kuma ba ya da abin cewa.

Zuwa wurin Safiatou kuwa, kada ki hana. Ki kai ta da kanki, da ƙaramar jaka, a matsayin ziyara, a kuma sa ranar da maigida zai je ya ɗauko ta. Tsohuwar nan kaɗaici ne ya fi damunta, kuma shuka kaɗai ba za ta maganta shi ba. A mayar da ziyarar al'ada. Ke ma ki riƙa kwana ɗaya can in kin samu hutu, ba butulci ba ne mutum ya yi kewar inda ya saba. In azumi ya kama, ki gayyato mutanenku na Bronx buɗa-baki a bayan gidan nan, su shimfiɗa tabarmi, yara su yi ta gudu. Gida ba ya zama gida sai an ci an sha an yi hayaniya a cikinsa.

Abin da mutane za su ce kuma ki ajiye shi gefe. Ba su ne za su tashi sahur da ku ba.

Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya ƙara mata lafiya, ya ba maigida ƙarfin halin faɗin gaskiya, ke kuma ya ba ki natsuwa. Allah ya sa ku ga watan da fuska a sake.

Taku,
Anti Rafi'atu